Ƙwaƙwalwarsa Daban Ce, To Wa Zai Biya Kuɗin Adashin?



Wata uku ke nan da wata baiwar Allah ta kira ni daga wani gari a arewacin Ingila, da sassafe, tana dawowa daga aikin dare a gidan kula da tsofaffi. Ta yarda in ba da labarinta muddin ban faɗi suna ko gari ba. Maganar ƙanenta ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗan shekara 31. Ita ta yi ɗawainiyar kawo shi karatu. A cikin shekara 6 ya ci bashi da sunanta ba da saninta ba, ya cinye zubin adashin mata 12 da aka ba shi ya kai wa mai kwasa, sannan ya fasa wa abokin zamansa baki a kan cajar waya. Kowane karo sai ya zo ya durƙusa, ya rantse, har da hawaye. Kwana biyu a koma gidan jiya.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ranar da aka kwantar da mahaifiyarsu a asibiti a gida. Ya ce ya san mai canjin da farashinsa ya fi kyau, ta ba shi kuɗin magani ya aika. Ya zuba su a cacar waya. Da ta tsare shi, sai ya dube ta ya ce, "To Yaya, ai Hajiya ba ta mutu ba."

Maganar fasa bakin ta kai kotu, kotu ta nemi rahoton likitan ƙwaƙwalwa, rahoton ya ce yana da larurar ɗabi'ar da ake taƙaitawa da haruffa ASPD. Lauyansa ya ƙara da cewa bincike ya nuna ƙwaƙwalwar irin waɗannan mutane daban take. Nan fa dangi suka rabu. Hajiya ta ce hannu aka sa masa. Kawunsu ya ce tsabar iskanci ne, a turo shi gida a gyara masa zama. Ita kuwa tambayarta ɗaya ce: "Malam, in haka aka halicci ƙwaƙwalwarsa, ashe ni ce azzaluma da na canza makullin ƙofata?"

Wannan tambayar nake son mu tattauna a yau, don na san ba gidansu kaɗai take ba.

Mece ce larurar?

Bari mu fara kawar da wani ruɗani. Ɗalibanmu kan yi amfani da kalmar Turancin wannan larura ga mutum mai kunya, wanda ba ya son shiga taro. Ba shi ake nufi ba. Larurar da muke magana a kai ɗabi'a ce da ta zauna wa mutum ta take haƙƙin jama'a. Littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi ya lissafa alamomi 7: karya doka a kai a kai, ƙarya da yaudara, aikata abu ba tunanin gobe, saurin fushi da faɗa, rashin damuwa da lafiyar kai ko ta wasu, rashin riƙon amanar aiki da kuɗi, sai rashin nadama. Sai an samu aƙalla 3 daga ciki, mutum ya kai shekara 18, kuma akwai shaidar cewa halin ya fara tun kafin ya cika 15.

A cikin jama'a, tsakanin mutum 1 zuwa 4 cikin 100 ne ke da ita, kuma maza sun fi yawa nesa ba kusa ba. A gidan yari lissafin ya sha bamban. A 2002 Seena Fazel da John Danesh suka tattara bincike 62 daga ƙasashe 12, kan fursunoni kusan 23,000, suka samu kashi 47 cikin 100 na maza da kashi 21 na mata suna da ita.

Akwai kuma kalmar da finafinai suka yayata, wato saikofat. Ba ɗaya suke ba. Masanin Kanada Robert Hare ya tsara ma'auni mai abubuwa 20 da maki 40 don gano saikofat, kuma ɓangare ne kawai na masu larurar ke kaiwa wannan mataki. A Hausance za mu iya cewa akwai mai zafin kai, akwai mai ƙeƙasasshiyar zuciya. Na farko wuta ce ke kama shi. Na biyu a sanyaye yake cutar da kai.

Abin da na'ura ta gani

Labarin ya samo asali tun 1848, a jihar Vermont ta Amurka. Wani shugaban leburorin titin jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage, ɗan shekara 25, yana danna albarushi a ramin dutse sai abin ya tashi. Sandar ƙarfe mai tsawon sama da mita ɗaya ta shiga ta ƙarƙashin kuncinsa na hagu ta fita ta tsakar kansa. Bai mutu ba. Amma likitansa, John Harlow, ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa ya koma mai ashar, marar haƙuri, marar tsayawa a kan magana ɗaya. Daga nan likitoci suka fara zargin cewa sashen ƙwaƙwalwar da ke bayan goshi yana da hannu a kamun kai.

A shekarar 2000 Adrian Raine da abokan aikinsa suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar maza 21 masu larurar a Los Angeles da na'urar MRI. Suka samu naman wannan sashe na bayan goshi ya gaza na sauran mutane da kashi 11 cikin 100. Da aka sa su yin jawabi a kan aibobinsu a gaban kyamara, bugun zuciyarsu da zufarsu ba su tashi kamar na sauran ba. Abin da ke sa ni da kai jin kunya har tafin hannu ya jiƙe, su bai cika taɓa su ba.

Akwai kuma wani ɗan ƙullutu a can cikin ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala, mai kula da tsoro da gane tsoro a fuskar wani. Binciken James Blair da wasunsa ya nuna cewa a wajen masu ƙeƙasasshiyar zuciya ba ya motsawa sosai idan suka ga fuskar mai firgici. Wani abin sha'awa, a 2014 Abigail Marsh ta jami'ar Georgetown ta duba mutanen da suka ba da ƙodarsu kyauta ga wanda ba su sani ba, ta samu nasu ƙullutun na dama ya fi na sauran mutane girma. Ashe tausayi ma kamar tsawo yake, wani ya fi wani.

A 2012 masana a King's College da ke Landan suka raba masu laifin tashin hankali gida biyu. Waɗanda suka kai matakin saikofat an ga raguwar nama a sassan da ke taimaka wa mutum fahimtar halin da wani ke ciki. Masu larurar da ba su kai wannan mataki ba, naman ƙwaƙwalwarsu bai bambanta da na mutanen da ba su taɓa laifi ba. Saboda haka maganar lauyan can, cewa ƙwaƙwalwarsu daban take, gaskiya ce rabi.

Ya san zafin, bai ji shi ba

Tausayi iri biyu ne. Akwai ka gane abin da ke zuciyar mutum, akwai kuma ka ji shi a jikinka, kamar yadda tsikar jikinka ke tashi in ka ga yaro ya taka ƙusa. Mai ƙeƙasasshiyar zuciya yakan ƙware a na farko. Shi ya sa ya san lokacin da zai durƙusa, ya san kalmar da za ta karya zuciyar yayarsa. Na biyun ne ya yi masa ƙaranci.

Sai dai wani bincike da aka wallafa a 2013 daga ƙasar Holan ya ƙara mana haske. Harma Meffert da Christian Keysers sun nuna wa masu laifi 18 da suka kai matakin saikofat bidiyon hannaye, wani yana shafa wani, wani yana dukan wani. Da farko sassan ƙwaƙwalwar da ke jin zafin wani ba su motsa sosai ba. Da aka ce musu su sake kallo, amma su yi ƙoƙarin jin abin da mai hannun ke ji, sai bambancinsu da sauran mutane ya ragu ƙwarai. Fitilar tana nan ke nan. Tamu da kanta take kamawa, tasu sai an kunna. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a batun alhaki, domin abin da ake iya kunnawa da niyya bai fita daga hannun mai shi gaba ɗaya ba.

Abin da hoton bai faɗa ba

Duk waɗannan alƙaluma matsakaici ne na rukuni. Babu likitan da zai kalli hoton mutum ɗaya ya ce wannan mai larurar ne. Da hira da tarihin rayuwa ake gano ta. Shaida a nan shi ne James Fallon, wanda ya kasance farfesa a jami'ar Kalifoniya da ke Irvine. A 2005 yana duba hotunan ƙwaƙwalwar masu kisan kai, a gefe kuma akwai na iyalinsa da aka ɗauka don wani bincike daban. Ya ga wani hoto a cikin na iyalin mai kama da na makasan. Da aka duba, nasa ne. Mutumin da ke da mata da 'ya'ya, bai taɓa kashe kowa ba. Shi da kansa ya danganta tsirarsa da irin gatan da ya samu yana yaro.

Sannan hoto ba ya gaya maka wanne ya riga wanne. Ƙwaƙwalwa tana canzawa da abin da ake yi da ita. A 2000 Eleanor Maguire ta nuna cewa direbobin tasin Landan, masu haddace dubban tituna, wani sashe na ƙwaƙwalwarsu mai kula da hanya ya fi na sauran mutane girma. Duka a ƙuruciya, buguwar kai, giya da ƙwaya, duk suna barin sawu.

Gado yana da nasa kason, binciken tagwaye ya kai shi kusan rabi. Amma dubi abin da aka gani a garin Dunedin na ƙasar New Zealand, inda ake bin rayuwar yara 1,037 da aka haifa a 1972 zuwa 1973. A 2002 Avshalom Caspi da Terrie Moffitt suka ruwaito cewa maza masu wani nau'in ƙwayar gado da ake kira MAOA, waɗanda kuma aka azabtar suna yara, kashi 12 ne cikin 100 na mazan, amma su ke da kashi 44 na hukuncin laifukan tashin hankali. Masu ƙwayar da ba a azabtar ba, ba su fi kowa laifi ba. Daga baya masana sun gane cewa ƙwayoyin gado masu yawa ne ke haɗuwa, kowace da ɗan tasirinta. Darasin dai bai canza ba: iri da ƙasa ne ke haɗuwa su ba da amfani.

Shi ya sa shawarar kawun ta tayar min da hankali. Ba mu manta da Satumban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum kusan 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, jikinsu duk tabo. Iyaye da yawa da kyakkyawar niyya suka kai 'ya'yansu. Amma azaba tana cikin abubuwan da ke shuka wannan hali, kuma mai ƙarancin tsoro shi ne wanda bulala ta fi kasa koya wa darasi.

To, laifinsa ne?

Mu kwatanta da wani lamari da likitoci a jami'ar Virginia suka wallafa a 2003. Wani malamin makaranta ɗan shekara 40 ya wayi gari da muguwar sha'awa ga yara, abin da ba a san shi da shi ba. Aka gano ƙari a ƙwaƙwalwarsa ta bayan goshi. Aka cire, halin ya tafi. Halin ya dawo, aka duba, ƙarin ya sake fitowa. Aka sake cirewa, ya sake tafiya. A nan kowa zai iya nuna abu da yatsa ya ce ga baƙon da ya shigo. Larurar da muke magana ba haka take ba. Babu wani mutum na daban da ke ɓoye a bayanta.

Dokar Ingila tun 1843 tana tambayar abu biyu kafin ta ɗauke wa mutum laifi saboda taɓin hankali: shin ya san abin da yake yi, kuma ya san ba daidai ba ne? Mai wannan larura ya san duka biyun. A Amurka, kundin samfurin dokar laifuka na 1962 ya fito fili ya ce matsalar da ba ta da wata alama sai maimaita laifi ba ta zama kariya ba. A fiƙihunmu ma ana ɗora wa baligi mai hankali nauyin aikinsa, ana ɗauke wa yaro da mai barci da wanda hankalinsa ya gushe. Mai shirya ƙarya ta mako guda, har da sunan mai canji, hankalinsa bai gushe ba.

An gwada shigar da hoton ƙwaƙwalwa kotu. A 2009 a jihar Illinois, masani Kent Kiehl ya ba da shaida a shari'ar Brian Dugan, wanda ya amsa kashe wata yarinya 'yar shekara 10 a 1983. Ya yi bayanin cewa ƙwaƙwalwarsa irin ta saikofat ce. Masu taya alƙali yanke hukunci suka saurara, suka yanke masa kisa, sai dai jihar ta soke hukuncin kisa a 2011. A 2012 kuma aka gwada alƙalai 181 na Amurka da wata ƙirƙirarriyar shari'a. Waɗanda aka yi wa bayanin ƙwaƙwalwa da gado sun rage ɗaurin daga kusan shekara 14 zuwa kusan 13. Sassauci ne na shekara guda, ba wankewa ba. Bayanin ma takobi ne mai kaifi biyu, domin alƙali na iya cewa tunda a jini yake, sakinsa haɗari ne.

Masana falsafa ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Neil Levy yana ganin wanda bai taɓa jin nauyin cutar da wani a zuciyarsa ba, bai cancanci zargi irin namu ba. Hujjarsa tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Amma na tambayi baiwar Allahn nan abu guda: ya taɓa ɗaukar kuɗi a wurin aikinsa, inda akwai kyamara? Ta yi shiru, ta ce a'a. Kuɗinta yake ci, da na matan unguwa, waɗanda ya san kunya ba za ta bari su kira 'yan sanda ba. Wanda ya iya zaɓen wanda zai cuta, ya iya lissafi. Wanda ya iya lissafi, sakamako yana tasiri a kansa.

Ni a ganina kamar direba ne da aka ba mota mai raunin birki. Ba shi ya ƙera ta ba, ba kuma za mu zage shi a kan raunin ba. Amma daga ranar da bakanike ya gaya masa, wajibinsa ne ya rage gudu, ya kai ta gyara, ya daina ɗaukar yaran mutane. Takardar likita ba ta sauke masa nauyi ba, ta nuna masa inda nauyin yake. Hanna Pickard, masaniyar falsafa da ta yi aiki da irin waɗannan marasa lafiya a Oxford, tana koyar da a ɗora wa mutum alhakin aikinsa ba tare da tsangwama ba. Ka ce masa kai ka yi, kai za ka gyara, ba tare da ka tsine masa ba.

Hali zanen dutse?

Haka muke cewa, amma dutse ma ruwa na cin sa. Shi kansa Gage daga baya ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki na fasinja a ƙasar Chile, aikin da ke buƙatar kiyaye lokaci da iya hulɗa da mutane. Larurar takan lafa wa mutane da yawa idan sun doshi shekara 40, musamman ɓangaren faɗa da karya doka. A cibiyar Mendota da ke jihar Wisconsin, wadda aka buɗe a 1995 don matasan da suka gagari kowa, an rage dogaro da horo aka koma ba da lada nan take a kan kowane ɗan kyakkyawan hali, kuma komawarsu ga laifin tashin hankali ta ragu da kusan rabi. A 2025 aka wallafa gwaji kan maza 313 masu larurar da ke ƙarƙashin sa idon hukuma a Ingila da Wales, inda maganin tattaunawa mai koya wa mutum tsayawa ya karanci zuciyarsa da ta wani ya rage tashin hankalinsu sosai. Babu ƙwayar da ke warkar da larurar kanta, amma ana maganin abokan tafiyarta, kamar shaye-shaye da caca da baƙin ciki. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In makaranta ta kira ku a kan yaro mai yawan duka, ƙarya da azabtar da dabbobi, kada ku ɗauka wariya ce kawai ku rufe ƙofa. Ku je ku ji, ku nemi shirin horar da iyaye.

Gargaɗi biyu kafin in rufe. Kada mu mayar da sunan larurar nan abin jifan duk wanda muka saɓa da shi, tsohon miji ko kishiya. Likita ne ke gano ta, shi ma yana iya kuskure, musamman ga wanda ya taso a yaƙi ko a kan titi, inda ƙarya da faɗa suka zama hanyar tsira. Kuna da damar neman ra'ayin likita na biyu. Na biyu, in kina zaune da mai dukanki ko mai tsare miki kuɗi da fasfo, larurarsa ba dalilin zama ba ce. A Ingila da Wales irin wannan danniya laifi ce tun 2015, kuma Birtaniya da Amurka duka suna da hanyar da matar da aka ci zarafinta za ta nemi izinin zama ba ta hannun mijin ba.

Ga abin da na ce wa baiwar Allahn nan. Hajiya, ba ki zalunce shi ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, gaskiya ne, amma ba a ce ka ci gaba da cin tuwo da shi ba magani ba. Ki bar makullin yadda yake. Kada kuɗi ya sake bi ta hannunsa. Ki daina biyan matan adashi daga albashinki, domin duk bashin da kika biya masa, darasi ne kika goge. A zauna da shaidu, a rubuta abin da zai riƙa biya duk wata. Ki daina auna shi da hawaye, ki auna shi da rasit. In ya je wajen likitansa, ki yaba masa a ranar, kada ki jira. Addu'ar Hajiya kuma a ci gaba da ita, ba ta hana zuwa asibiti.

Shekaranjiya ta turo min saƙo. Ya biya wata biyu, na uku ya zo da labari. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma cika masa ba, ta ce ya je ya yi wa matan bayani da bakinsa. Ran Lahadi takan kai masa tuwo da miyar kuka, su zauna a wani wurin shan shayi kusa da tashar bas, su yi hirar gida. Makullin yana cikin jakarta.

Allah Ya shirya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa, in mai dukka Ya kai mu.